Mota ɗaya, barci daban-daban: daga Ayowa zuwa Wayomin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da muryar, ƙasa-ƙasa nake magana don maigida yana bayan labulen nan na cikin tirelar da muke tuƙawa, yanzu ya kwanta. Muna Walcott ne a jihar Ayowa, tashar manyan motoci da ake kira Iowa 80. Sun rubuta a allonsu cewa duk duniya babu wadda ta kai ta girma, kuma in kun ga filin ba za ku yi musu ba, tirela wajen 900 yake ɗauka. Akwai mai aski, akwai likitan haƙori, har gidan ajiye tsofaffin motoci. Maigida, da ya sha hanyar Kano zuwa Legas kafin mu zo Amurka, cewa yake yi wannan Tafa ce ta yi boko.

'Yan uwa a gida suna yawan tambayata, wai ke da mijinki dare da rana a ɗan akurkin nan, ba kwa gundurar juna? Dariya kawai nake yi. Ina ma muke ganin junan?

Dokar ƙasar nan awa 11 ta yarje wa direba ya yi tuƙi, daga nan dole ya huta awa 10. Kuma tun ƙarshen 2017 na'ura ce ke lissafin, ga ta nan kusa da sitiyari, ba ta san "don Allah" ba. Shi ya sa kamfanoni ke son direba biyu a mota ɗaya: wannan na tuƙi, wancan na barci, taya ba ta tsayawa. Ni ke riƙe rana, shi dare. Idan na farka yana hamma, idan ya farka idona ya yi ja. Zaman da muke yi tare bai wuce na lokacin karɓar sitiyari ba, kamar rabin awa, kuma a ciki za a sha mai, a zagaya a duba tayoyi da birki da fitilu, a yi alwala. Babu yaron mota a nan, ni ce yaron motarsa, shi ne nawa.

Ga kicin ɗina, kada ku yi dariya. Ɗan firij, tukunyar lantarki, kuka, daddawa, da yajin da Hajiyarmu ta daka ta aiko. Nama kuwa a Kolombos ta jihar Ohayo muke saye wajen Somaliyawa, don a hanya samun na halal sai an dace. Jiya na tuƙa tuwon semo muna jiran lodi a wata ma'ajiyar kaya da suka shanya mu awa shida, ko sannu babu. Raina ya ɓaci, amma ranar ce kaɗai a satin nan muka ci abinci a kwano ɗaya.

To, na kashe kyamara, sai na tsaya.

Salamu alaikum kuma. Mun iso North Platte a Nebaraska, rana ta yi yamma. Gonakin masara da shanu na gani tun safe har idona ya gaji. Na haɗa azahar da la'asar a gefen mota, ƙasaru. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, abin da ya daɗe yana rikita ni. Gaba kaɗan agogo zai koma baya da awa ɗaya, sai an kula da lokacin magariba.

Ga shi ya fito. Maigida, gaisa da mutane mana.

Ya ɗaga hannu kawai, bai gama wartsakewa ba. Shayi ya fara nema, ba ni ba.

Shi zai shiga da mu jihar Wayomin cikin dare, kuma nan ne ba na so. Tsakanin Cheyenne da Laramie hanyar tana hawa har ƙafa 8,640, babu inda ya fi nan tsayi a duk I-80, babbar hanyar da muke bi. Bayan nan ga iskar wajen Elk Mountain, wadda kan kwantar da tirela a gefenta, har hukuma kan hana motoci marasa nauyi wucewa. Mu dai yau nauyin motarmu da lodinta ya kusa fam 80,000 da doka ta ƙayyade, nauyin ma rahama ne.

Mutane suna zaton koyon ribas da bodi mai ƙafa 53 ne ya fi ba ni wuya. A'a, barci ne. Ki kwanta a gado yana gudu, ba kya ganin hanya, duk birkin da aka taka sai gabanki ya faɗi. Wata uku na yi ina leƙo kai ta labule ina cewa "lafiya dai?", har ran nan ya ce, "Hajiya, ko ki yarda da ni ki yi barci, ko gobe ki kai mu rami." Tun daga ranar nake toshe kunne da auduga.

Ya tayar da mota. Na bar masa shayi a fulas da sauran tuwon jiya. In iska ta bar mu, a jihar Yuta zan farka.