Darasi: Yadda Ake Tsara Bangon Mujallar Waƙa ta Matasa

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Yau a darasinmu na tsara shafi za mu tsaya ne a kan bangon mujalla, kuma waɗanda na zaɓo su ne mujallun mawaƙa da ake bugawa domin samari da 'yan mata masu tasowa, 'yan sakandare ke nan. Guda uku na ɗora muku a allo. Ta farko Bravo ce ta Jamus, wadda ta fara fitowa a 1956. Ta tsakiya Tiger Beat ta Amurka, Charles Laufer ne ya kafa ta a 1965. Ta ƙarshe kuwa Smash Hits ta Ingila, Nick Logan ya fara ta a 1978, aka daina buga ta a 2006.

Na san abin da wasunku za su ce da sun kalle su: wannan ai cunkoso ne, hoto kan hoto, rubutu ya karkace, launi kamar zai tsone ido. To ku yi haƙuri tukuna. Wannan cunkoson ba rashin iya aiki ba ne, da gangan aka yi shi, kuma kowane abu a nan da dalilin da ya sa aka ajiye shi inda yake.

Mu fara da inda ake sayar da ita. A kantin jarida ba a baje kowace mujalla ita kaɗai, jera su ake yi wata ta rufe rabin wata, sai samanta ko gefenta na hagu kawai ya leƙo. Yarinya ta taso daga makaranta da ɗan kuɗin da bai wuce na mujalla ɗaya ba, ta tsaya gaban kantin, ido ya ratsa sau ɗaya. Shi ya sa sunan mujallar yake can sama da manyan haruffa, kuma ba a canza masa siffa daga fitowa zuwa fitowa. Ku duba siririn layin nan da ke saman sunan. Nan ake rubuta kyautar da ke ciki, domin ko an rufe sauran bangon, shi dai zai fito. Dabarar mai tallar mangwaro ce, manya masu kyau su ake ɗorawa a saman tire.

Yawwa, sai fuska, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Bari in matso da hoton. Ku kalli idon mawaƙin nan. Ina yake kallo? Ku yake kallo. Ba gefe ba, ba ƙasa ba, ba jitarsa ba. Mai ɗaukar hoto ya sa shi ya dubi kyamara kai tsaye, saboda haka duk wanda ya tsaya gaban kantin sai ya ji da shi ake. Ku lura kuma ba hoton wurin wasa ba ne, inda ake gumi ga hayaƙi ga duhu. A ɗakin ɗaukar hoto aka yi shi, haske ya wadaci fuska, bayansa launi ɗaya fes, don rubutu ya samu wurin zama. Sannan kansa ya hau kan sunan mujallar har ya rufe harafi ɗaya ko biyu. Masu koyo sukan ji tsoron yin haka, amma shi ne yake sa mutum ya zama kamar ya fito daga cikin takardar, kuma mai saye ya riga ya san sunan, ba sai ya karanta shi duka ba.

Ga bambanci tsakanin biyun nan. Smash Hits ta fi son mawaƙi ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta cika bango. Tiger Beat kuwa yanko kawuna take yi ta jera su birjik, babba a tsakiya, ƙanana a kewaye. Me ya sa? Saboda kowace yarinya da gwaninta. In ta duba ba ta ga nata ba, wata mujallar za ta ɗauka. Girman kan kuma shi ne yake faɗa muku wanda tauraruwarsa ke haskawa a lokacin. Duk wanda ya taɓa riƙe mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, ya san wannan lissafin, fuskar da ke bango ita ke sayar da kwafi.

Kanun labaran ba sa buƙatar dogon bayani. Gajeru ne, ana kiran mawaƙi da sunansa na farko kawai kamar ɗan ajinku, ana yi wa mai karatu magana kai tsaye, ga tambaya, ga alkawarin sirri, ga alamar motsin rai ko'ina. Amma ku ƙanƙance ido ku kalli bangon. Kun ga rubutu ɗaya ne kawai ya fi kowa girma, sai matsakaita biyu ko uku, saura duk ƙanana ne. Ido ya san inda zai fara da inda zai bi. In kuka daidaita girmansu duka, to a nan ne cunkoson gaske yake farawa.

Launi kuma, injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Wannan ruwan hodar mai ƙyalli da kuke gani ba ya fitowa daga haɗin huɗun nan, tawada ta biyar ake ƙarawa, kuma kuɗi ne. Ana kashe shi a bango don mujallar ta fita daban a cikin sa'o'inta.

Sai kyauta, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan wannan kasuwar. A zamanin da babu intanet, in kana son baitocin waƙa sai ka kasa kunne a rediyo kana rubutawa. Smash Hits ta riƙa buga baitocin waƙoƙin da ake yayi, kuma ta sanar da su tun daga bango. Ga fosta ta tsakiya da ake cirewa a manna a ɗaki, ga sitika, ga bajo da ake liƙawa a jikin bangon. Bravo ta wuce nan. Tun 1959 ta fito da wata dabara, ta fara da 'yar fim Brigitte Bardot: a yanka hoton tauraro mai tsayin mutum gunduwa-gunduwa, kowane mako a buga yanki, mai karatu ya yanke ya ajiye, har ya haɗa mutum cikakke a bangon ɗakinsa. Wanda ya tara ƙafafu da ƙirji, yaya za a yi ya bari makon kai ya wuce shi?

A nan zan ja hankalinku, domin abin yana damuna. Yara ne masu sayen nan, kuɗinsu kaɗan ne, kuma da zuciya ɗaya suke ƙaunar mawaƙan. In kun sa fuskar mutum ta cika bango, to a samu hira ta gaske da shi a ciki, ba layi uku ba. In kun rubuta fosta 10, su cika 10. Smash Hits duk mako biyu ta riƙa fitowa, Bravo ta daɗe tana fitowa kowane mako, ba su rayu da wanda ya saya sau ɗaya ba, da wanda ya dawo suka rayu.

Ga aikin gida. Ku tsara bango ɗaya da hoton mawaƙin da kuke so, babban kanu ɗaya, matsakaita uku, da layin kyauta a sama. In kun gama ku buga shi a takarda, ku rufe kashi biyu cikin uku na ƙasa da littafi, ku ja da baya taku biyar, ku tambayi ƙaninku ko ƙanwarku me suka gani. In sun faɗi sunan mujallar da kyautar, saman ya yi. Sai ku cire littafin ku lura da inda idonsu ya fara sauka. A darasi na gaba za mu ɗauki yadda ake yanke hoton mutum daga bayansa ba tare da an ɓata gashin kai ba. Sai mun haɗu, na gode.