Me ya sa haske ke ratsa gishiri, amma tozali ya haɗiye shi?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ga abubuwa uku a kan faifai, duk a kasuwar Gusau na sayo su: ƙwayar gishiri, guntun farar wuta, da dutsen tozali. Bari in haska su da tocila. Gishiri, haske ya ratsa shi. Farar wuta ta fito rawaya. Tozali kuwa baƙi ne, sai sheƙi kamar ƙarfe.

Sirrin yana wurin ilektron, ƙananan ƙwayoyin nan da ke ɗaukar wutar lantarki. A cikin irin waɗannan duwatsu, ku ɗauka suna zaune a gida mai hawa biyu. Ƙasa cike maƙil, sama babu kowa, kuma ba matakala. Mai son hawa sai ya yi tsalle ɗaya tak, ba a tsayawa a tsakiya. Wannan tazarar ita ce giɓin makamashi, ana auna ta da ilektron-bolt.

Haske ne ke ba da ƙarfin tsallen, kuma kowane launi da nasa ƙarfin. Ja shi ne mafi rauni, wajen 1.8. Shunayya, can ƙarshen bakan gizo, wajen 3.1.

Giɓin gishiri ya haura 8, na lu'ulu'u, wato daimon, 5.5. Babu launin da ya isa ya ɗaga ilektron ko ɗaya, don haka hasken ya wuce abinsa. Ita farar wuta, giɓinta ya faɗo daidai wurin shuɗi. Sai ta haɗiye shuɗi da shunayya, ta bar ja da kore da abin da ke tsakaninsu, idonmu ya haɗa su ya ga rawaya.

Tozali ya fi ba ni mamaki. Farar wutar nan ce dai ta haɗu da dalma, giɓin ya tsuke ya koma 0.4. Kowane launi ya isa tsallen, ba wanda ke ratsawa. Tunda na ambaci dalma, mu Zamfarawa mun san ɗacinta: a 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, wurin daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Don Allah, iyayenmu mata, a daina sa wa jarirai irin wannan tozali a ido.

Ku ɗaga kai ku dubi farantin sola a kan rufin kwano. Wani sinadari ne mai suna silikon a ciki, giɓinsa 1.1, shi ya sa ya yi duhu. Ilektron ɗin da rana ta ɗaga zuwa hawan sama, su ne ke bin waya su juya muku fanka da tsakar rana.