Muryarka na nitsewa cikin ƙarar gem? Ga inda ake kuskuren

Ku saurari wannan. Kun ji abin da na ce? Ni ma ban ji ba, alhali ni na yi maganar. Ƙarar harbi ta haɗiye ta. To ga wurin nan dai a karo na biyu. Gem ɗin bai canza ba, makirufon ma shi ne, ko allura ban ƙara saya ba. A cikin OBS Studio, manhajar ɗauka da watsa shiri kai-tsaye, filtar sauti ɗaya na ɗauke daga inda take na mayar da ita inda ya dace.

Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta turo min: na sa Compressor, filtar nan mai danne ƙara, kamar yadda aka ce, amma da zarar bam ya tashi a gem sai muryata ta ɓace, ko sai na sayi miksa ne? A'a, ɗan uwa, ajiye kuɗinka. OBS Studio kyauta ce, kuma miksarta na cikinta, ga ta nan a ƙasa mai sandunan kore da rawaya da ja.

Bari mu yi sauri a kan shimfiɗa. Makirufo mai USB, kusa da baki kamar faɗin tafin hannu. Iyafis a kunne, lasifika a kashe, in ba haka ba makirufo zai kwashi ƙarar gem ya maimaita wa masu kallo. Yi magana yadda ka saba, sandar murya ta riƙa wasa cikin rawaya. Ja yana farawa daga -9 a ma'aunin sandar, kada ta zauna a can. Gem kuma ya tsaya a kore. In kana kan Windows, tun OBS 28 da ta fito a 2022 akwai Application Audio Capture, mai ɗauko sautin gem shi kaɗai. Ka sa shi, ka kashe Desktop Audio mai ɗauko duk sautin kwamfuta, don kada sautin ya shigo sau biyu.

Yauwa, yanzu ku gyara zama.

Mutum yana son muryarsa ta fito, sai hankalinsa ya ba shi cewa a kan makirufo zai yi aikin. Ya buɗe Filters na makirufo, ya sa Compressor, ya gangara wurin da aka rubuta Sidechain/Ducking Source, ya zaɓi gem. Kun ga abin da ya yi? Wannan filta dannewa take yi, kuma abin da ka ɗora ta a kai shi take dannewa. Wancan layi na ƙasa kunnenta ne, wato wanda za ta saurara kafin ta danna. Ke nan ya ce mata: duk sanda kika ji gem ya yi ƙara, ki shaƙe ni. Ita kuwa ba ta da gardama.

Ku ɗauka akwai yaro zaune kusa da rediyo, hannunsa a kan maɓallin ƙara. Kana buɗe baki ya rage, kana yin shiru ya mayar. Hannunsa a kan rediyo yake, kunnensa a wajenka. Saboda haka filtar a kan sautin gem za ta hau. Ga shi, na danna ɗigo ukun nan na gem, Filters, alamar ƙari, Compressor. A layin ƙasa na zaɓi makirufo. In ka bar shi a None, gem zai riƙa sauraren kansa ne kawai, babu ruwansa da kai.

Sai lambobin. Threshold shi ne na biyu wajen ruɗa mutane, domin da muryarka ake auna shi duk da cewa a kan gem yake zaune. Ma'anarsa, murya ta kai ina kafin yaron ya taɓa maɓalli? Ni daga -30 nake farawa. Ratio na cewa ya rage da yawa ko kaɗan. OBS na kawo shi a 10, ni kam ya yi min tsanani, gem ɗin sai ya zama kamar an jefa shi rijiya. Ina barin sa wajen 4. Attack kada ka wahalar da kanka, bar shi yadda ka same shi.

Release ne ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo. Shi ne lokacin da sautin gem ke ɗauka kafin ya dawo bayan ka yi shiru. Ku ji shi a 60, yadda ya zo. Kun ji yadda sautin ke haki tsakanin kalma da kalma, yana sama yana ƙasa? Mai kallo ba zai san sunan matsalar ba, kansa dai zai yi ciwo ya fita. Ga shi a 500, wato rabin daƙiƙa. Yana jira ka gama jimla sannan ya dawo a hankali.

Wani abu da ya taɓa ci min dare guda: na saita komai daidai, amma gem ya ƙi ɗagowa ko na yi shiru. Ashe fanka ce a bayana, yaron ya ɗauka ni ke magana. Maganinsa Noise Suppression, filtar tace hayaniya, a kan makirufo, ka zaɓi RNNoise, ka ja ta saman jerin. A can ƙasa ka sa Limiter, mai hana murya wuce iyaka, saboda ranar da za ka ci wasa ka kurma ihu. Na san halinmu.

Kada kuma ka ce bai yi aiki ba don ba ka ji sauyi a iyafis ba. Ba za ka ji ba. Gem na zuwa kunnenka kai-tsaye, ragewar a cikin OBS take faruwa, masu kallo ne ke jin ta. Dubi sandar gem tana sunkuyawa ina magana, shaidarka ke nan. Danna Start Recording, shiga inda ya fi hayaniya a gem ɗin, yi surutu na daƙiƙa 30, ka tura fayil ɗin waya ka saurara da ƙaramar lasifikarta. In ka ji kowace kalma a nan, kunna shirinka.