Sunan da Ke Jikin Wuƙar Ba Lallai na Maƙerinta Ba Ne: Wuƙaƙen Ado na 'Yan Kwana-kwanan Jamus

[Wuƙa a kan baƙin ƙyalle, ana zare ta daga kube]

Kwanan nan tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a bakin masu tara kayan tarihi. Mutum ya sayi wuƙar ado ta 'yan kwana-kwanan Jamus ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauki hoton gindin ruwanta, ga suna ɓaro-ɓaro, ga sunan gari a ƙarƙashinsa, Hamburg ko Dresden ko München, sai ya ce ya tsinci aikin wani maƙerin da babu shi a littattafai, nawa za ta yi? To, a yi haƙuri. Galibi wannan sunan na mai kanti ne.

Kafin mu kai can, mu tabbatar wuƙar ta kwana-kwana ce tukuna.

[Wuƙaƙe biyu gefe da gefe]

Ku dubi ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙota da ruwa. A wuƙar ado ta soja, kunne ɗaya gare shi. A ta kwana-kwana kunnuwa biyu ne, ɗaya ya lanƙwasa sama ɗaya ƙasa, kamar harafin S. Ku juya ƙotar. Ta soja tana da tsagi da maɓallin dannawa, kwaikwayon wuƙar bakin bindiga. Wannan ba ta da ko ɗaya, don ba a yi ta domin bindiga ba. Baƙar ƙota mai zanen dara, ƙusoshi biyu, kan ƙota mai kama da kan tsuntsu, kuben ƙarfe mai baƙin fenti. Tsawon ruwa iri biyu ne, wajen santimita 20 da wajen santimita 25, wasu kuma da haƙoran zarto a baya. Shi ke nan, mun wuce.

[Tsoffin hotunan fareti]

Tarihi kaɗan, saboda shi ne mabuɗin. Dokar 23 ga Nuwamba 1938 ta mayar da ƙwararrun 'yan kwana-kwana na manyan birane wani reshe na 'yan sanda mai suna Feuerschutzpolizei, 'yan sa-kai na ƙauyuka kuma suka zama mataimakan 'yan sanda. Amma wannan wuƙar ba makamin da rundunar soja ta yi oda ba ce. Kayan kwalliya ce ta ranar fareti da fita gari. Mutum ne ke cire kuɗinsa ya je kantin kayan kaki ya saya, ko kuma ƙungiyar garinsu ta sayo wa 'ya'yanta daga dillalin kayan kashe gobara.

Nan ne aka yi ta samun saɓani. Kusan duk waɗannan wuƙaƙe a gari ɗaya aka ƙera su, Solingen, garin maƙeran wuƙa da takobi. Mai kanti a Leipzig ba shi da maƙera. Oda yake bayarwa, masana'anta ta buga masa sunansa a gindin ruwa, don duk wanda ya gani ya san inda zai je ya sayi tasa. Kamar ledar kanti ce: sunan mai shago ne a jiki, ba na wanda ya dafa sabulun da ke ciki ba.

[Kusa sosai: gindin ruwa, inda babu kaifi]

To yaya ake rarrabewa? Ku tsaya nan da ni, kada ku yi gaba.

Fara da sunan gari. In ba Solingen ba ne, ka ɗauka na dillali ne har sai an kawo maka hujja. Amma ga wani rami da mutane ke faɗawa. Ohligs, Wald, Gräfrath da Höhscheid garuruwa ne masu zaman kansu da aka haɗe da Solingen a 1929. Saboda haka in ka ga Ohligs, kada ka yi saurin cewa kanti ne. Kamfanin Robert Klaas, misali, a can yake, kuma Solingen-Ohligs yake rubutawa.

Sai kalmomin da ke rakiyar sunan. Uniformen, Militär-Effekten, Feuerwehr-Ausrüstungen, ko adireshin titi da lambar gida, duk wannan yaren 'yan kasuwa ne, kayan kaki da kayan aiki suke talla. Waffenfabrik ko Stahlwarenfabrik kuwa masana'anta ce.

Sai siffa. Maƙeran Solingen mutane ne masu son hoto: dabba, takobi, kambi, kwalkwali. Dillali yawanci rubutu ne zalla, layi biyu, wani lokaci ma a ɗan karkace.

Yanzu abin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa: juya wuƙar.

[Hannu ya juya wuƙar. A bar hoton ya ɗan jima]

Kun gani? Sunan kanti a wannan fuska, tambarin masana'anta a waccan. Da yawa daga masu cewa sun gano sabon maƙeri fuska ɗaya suka ɗauka. Akwai kuma 'yar fatar nan da ke zaune a gindin ruwa don kada ƙarfe ya daki bakin kube. Takan rufe layin ƙasa na tambari, daidai inda aka rubuta Solingen. Ɗaga ta da tsinken sakace na itace, a hankali. Kada ka sa allura ko bakin almakashi. Fata ce da ta haura shekara tamanin, in ta tsage ba ta ɗinkuwa, ƙarfe kuma zai bar maka zane a jikin nikel ɗin da aka rufe ruwan da shi. Ka leƙa har gadon bayan ruwan.

In ka duba ko'ina sunan kanti kaɗai ka gani fa? To wuƙar ba jabu ba ce, ba kuma ta da wani aibu. Masana'anta ce ta sayar da ita babu tambari. Akwai ma waɗanda babu komai a jikinsu sam, akwai masu kalmar Solingen kawai. Ana iya hasashen maƙeri daga siffar kan ƙota, ko wurin zaman ƙusoshi. Wuƙaƙen Ernst Pack, misali, an san su da ƙusoshin da suka kauce daga tsakiyar ƙota. Amma hasashe sunansa hasashe. A Solingen ƙananan kamfanoni kan sayi sassa daga manya, wasa ruwa da ɗaura ƙota kuma sau da yawa masu aikin gida ake bai wa. A ganina, duk mai sayarwar da ya rantse maka da sunan masana'anta a kan wuƙar da ba ta da tambari, farashi yake gyarawa.

[Tamburra na wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Yanzu da gudu. Kurege, Carl Eickhorn. Kwalkwalin jarumi a kan haruffa uku, WKC, wato Weyersberg, Kirschbaum da abokansu. Sikeli, Alcoso. Tsuntsaye biyu masu dogon wuya baki da baki, Robert Klaas. Ma'aunin zafi, F. W. Höller. Takobi ya ratsa haruffa a cikin da'ira mai siffar ƙwai, E. & F. Hörster. Kambi a kan garkuwa mai harafin Z, Clemen & Jung. Maciji ya naɗe kututture, Emil Voos. Puma da Tiger, dukansu dabbobin dawa, dukansu na masu suna Lauterjung, amma kamfanoni biyu ne daban. Haka WKC da Paul Weyersberg: suna ya zo ɗaya, gida ba ɗaya ba. Ku tsayar da bidiyon ku ɗauki hoton allon, ba zan maimaita ba.

Gane dabbar rabin aiki ne. Kamfani ɗaya kan sauya tambarinsa, sauyin kuma shi ke ba ka lokaci.

[Kuregen Eickhorn uku a jere]

Na hagu, ƙaramin kurege cikin zobe biyu, na farkon shekarun 1930 ne zuwa wajen 1935. Na tsakiya, zaune yana riƙe da takobi tsininsa ƙasa, an rubuta Original a samansa, shi ne na 1935 zuwa 1941, kuma shi za ku fi cin karo da shi. Na dama, wanda ya waiwaya ta kafaɗa, daga wajen 1941 ne. Masu tara kaya ne suka fitar da waɗannan shekarun ta hanyar kwatanta wuƙaƙe da kundin tallan kamfani, don haka a bar musu 'yar rata, tsohon kaya kan kwana a sito.

Sikelin Alcoso kuwa labarinsa ba na dariya ba ne. Haruffan ACS da ke jikin tambarin na nufin Alexander Coppel, Solingen. Iyalin Coppel Yahudawa ne. An raba su da kamfanin a 1936, sunan gidan ya ɓace daga tambarin, daga baya haruffan ma suka koma AWS. Shi Alexander Coppel ya rasu a sansanin Theresienstadt a 1942. In ka ga AWS, kayan shekarun yaƙi ne a hannunka.

Sai a gwada tambari da jiki. Na farko-farko ƙotarsu na da nauyi, nikel ɗinsu mai kauri. Da yaƙi ya ci ƙarfe, aka koma tutiya, wadda ke kumbura ta ɗaga rufin kamar ƙuraje. Maganaɗisu na kama ƙarfe, ba ya kama tutiya. Tsohon tambari na farkon shekarun 1930 a kan ƙotar tutiya mai ƙuraje, ka yi zargin an haɗa sassan wuƙa biyu. Duba ƙusoshin ƙota, ko an taɓa cire su.

[Rubuce-rubuce a allo]

Abubuwan da ba sunan maƙeri ba ne, a taƙaice. Ges. Gesch. na nufin an yi wa zanen rajista, shi ke nan. Lamba a jikin ƙarfen gicciye, da F.F. ko sunan ƙauye, alamar mallaka ce ta 'yan sa-kan wannan wuri. Su kuwa lambobi irin M7/66 na hukumar RZM na kayan jam'iyyar Nazi ne. Haruffan sirri irin cof ko asw, da ƙaramar gaggafar sufeton soja, na wuƙaƙen bakin bindiga ne na fagen fama. Ba su da abin yi a jikin wuƙar kwana-kwana. In ka gan su, wani ne ya ƙara don ya ƙara kuɗi.

[An kashe fitila, tocila daga gefe]

Gwaji na ƙarshe. Kashe fitilar ɗaki, kwantar da hasken tocila a gefen ruwan, ka sa madubi mai ƙara girma sau goma. Tambarin da aka buga a masana'anta kafin a yi rufi, nikel ya bi shi har cikin ramin haruffa, launi ɗaya ciki da waje. Wanda aka buga daga baya ya fasa rufin, gefen haruffa ya tsattsage, ƙasansu ya yi duhu ko tsatsa. Na leza, za ka ga ƙananan layuka ko ɗige-ɗige a jere, zurfinsu ɗaya sak. Akwai tamburra na asali da aka ci da asid, saboda haka rashin zurfi kaɗai ba laifi ba ne, kwatanta shi za ka yi da hoton wanda aka tabbatar, harafi da harafi.

Kuma don Allah, in tambarin ya dushe kada a kai masa samfefa ko man goge ƙarfe mai yashi. Tattausan ƙyalle da ɗigon mai mara asid sun isa. A katin bayanin wuƙar a rubuta layi uku daban-daban: maƙeri, dillali, alamar mallaka. Layin da babu shaida a kansa, a rubuta ba a sani ba.