Magani Ya Ƙetaro Teku, Kada Ya Maƙale a Zango

Shugaba, a yi mini izini in tsallake rahoton zaman da ya wuce. Yana nan a rubuce, mai so ya karɓa in an tashi. Maganar yaron nan ce ta hana ni barci. Duk mai zama unguwarmu ta Aboabo a nan Kumasi ya san wanda nake nufi, don haka ba sai na kama suna ba.

Sakamakon gwajin kakinsa ya fito. Tarin fuka ne, kuma irin wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Bara aka ɗora shi a kan na wata 6 a nan Kumasi. Ya sha na wata biyu, tari ya lafa, zufar dare ta ɗauke, har ya fara ƙiba. Sai kakar albasa ta kama, ya bi mota zuwa Galmi ta Nijar da niyyar ya je ya dawo. Mota ta lalace, hanya ta riƙe su, ƙwayoyi suka ƙare a aljihu. Ya shiga wani asibiti a can, aka ce ina takardarka, wane magani kake sha, yaushe ka fara? Babu amsa ko ɗaya, kati yana nan Kumasi a ƙarƙashin katifa. Yau ga shi kwance a ɗakin da samari ke kwana a jere, taga guda ce, ita ma an toshe ta da kwali saboda sauro.

Iyayena, ku saurare ni. Ginshiƙin maganin tarin fuka ƙwayoyi biyu ne, isoniazid da rifampicin, wannan da ke mayar da fitsari ja har mutum ya tsorata. In aka sha aka yanke, raunanan ƙwayoyin cutar sun mutu, masu taurin kai sun tsira su hayayyafa. An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne, wanda ya shaƙi iskar ɗakin nan zai iya ɗaukar mai taurin kan kai tsaye, ko da bai taɓa sa ƙwaya ɗaya a baki ba. Lissafi ya wuce kan yaro guda. Akwai abokan kwanansa, akwai direban da suka yi kwanaki a gaban mota gilashi a rufe, akwai waɗanda ya sauka wurinsu a can gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, miliyan 1.25 suka rasu. Kusan dubu 400 irin na yaronmu ne ya kama su, kuma biyu cikin biyar kacal suka samu magani. Najeriya tana cikin ƙasashe takwas da ke ɗauke da kashi biyu cikin uku na masu cutar a duniya. In kuna son sanin yadda abin yake in ya ɓarke, a 2006 aka ba da rahoton wani gari a Afirka ta Kudu, Tugela Ferry, inda aka samu mutum 53 da nau'in da ya fi wannan tsanani. Mutum 52 suka mutu, rabinsu ba su wuce kwana 16 da ɗaukar kakinsu ba. Ƙanjamau ya riga ya raunana jikinsu, gaskiya ne, amma daga nan duniya ta gane cewa babu ƙasar da za ta iya wannan yaƙi ita kaɗai.

Kuma an yi aiki, ba zan tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Da yaron nan ya kwanta shekara goma sha biyar da suka wuce, da sai ya yi wata 18 zuwa 24 yana shan magani, da allura kullum har tsawon watanni, allurar da ta kurmantar da mutane da yawa. A 2010 aka amince da na'urar GeneXpert, wadda cikin kamar awa biyu take faɗin ko tarin fuka ne, da kuma ko yana jin rifampicin. A ƙarshen 2012 aka fito da bedaquiline, sabon maganin tarin fuka na farko cikin shekara 40. 'Yan'uwanmu na Nijar ku ɗaga kai, ƙasarku tana cikin inda aka fara gwada gajeren tsarin nan na wata 9 zuwa 12 da Hukumar ta karɓa a 2016. Sai a 2022 ta amince da na wata 6, ƙwayoyi huɗu na haɗiya, babu allura, bayan an gwada shi a kan marasa lafiya a Afirka ta Kudu da Belarus da Uzbekistan. A 2023 Indiya ta ƙi tsawaita wa kamfanin da ke yin bedaquiline haƙƙin mallakarsa, farashi ya faɗi. Asusun Global Fund da aka kafa a 2002 yana biya, ana haɗa odar ƙasashe a saya a dunƙule. Shi ya sa gwaji da magani kyauta ne a Gana, kyauta ne a Najeriya, kyauta ne a Nijar.

To ku duba. Mutanen da ba su san hanyar unguwar Asawase ba, ba su taɓa jin sunan Galmi ba, sun haɗa kai sun kawo magani har ƙofar gidanmu. Inda igiyar ta tsinke shi ne tsakanin Kumasi da gida, hanyar da babu wanda ya fi mu saninta. Takarda guda!

Kada kuma wani ya ɗauka rijiyar ba ta ƙafewa. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ita ce kuwa kan gaba cikin ƙasashe masu ba da kuɗin yaƙi da tarin fuka. Kun ji yadda kwantenonin kayan lafiya na Global Fund suka yi watanni a tashar ruwa ta Tema daga 2023 zuwa 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, alhali a lokacin hedikwatar hukumar lafiyar ƙungiyar a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso take. Manya za su yi ta zama suna tashi. Motocinmu kuwa ba su fasa bi ta iyakar Paga da ta Kulungugu ba ko da dare ɗaya, kuma jami'in kan iyaka buhu yake dubawa, ba ya duba huhu.

Kakanninmu sun yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano babu waya, babu mota, amma amana ba ta ɓata a hanya. Mu da ke riƙe da WhatsApp mun kasa isar da katin asibiti? Iyayen gida da masu motoci, da ku nake. Yaron da ke kan magani, in tafiya ta kama shi, a raka shi asibiti a faɗa musu, a karɓi takardar mayar da shi wani asibitin da isassun ƙwayoyi, a ɗauki hoton katin a waya. Ni zan kira mutanenmu na can su san yana tafe, su sa masa ido. In babu wannan, mota ta tafi ba shi, a biya shi ladansa yana zaune.

Abokan ɗakinsa kuma gobe da safe za a kai su gwaji, ko asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye. A cire kwalin nan daga taga. Na ji an ware masa kwano da buta, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa a gudu. Haba jama'a. Cutar nan a iska take bi, ba a kwano ba, kuma da zarar magani ya fara kama shi haɗarin yaɗa ta yakan ragu ƙwarai. Masu cewa sammu ne, Allah ya gafarta malamai ku taya mu yi musu magana. A yi addu'a, a sha rubutu, amma ƙwaya ba za ta tsallake rana ba.

Da a gida yake, da tsohuwarsa na zaune a kansa da kofin kunun tsamiya tun asuba. Tana can tana ƙirga kwanaki, ta ɗauka albasa yake lodi. A nan mu ne uwarsa, mu ne ubansa. Magani kyauta ne, amma koko da ƙosai ba kyauta ba ne, ƙwai ba kyauta ba ne, kuɗin mota zuwa asibiti da hayar ɗakin da zai kwana shi kaɗai ba kyauta ba ne. Wata 6 ba zai ɗaga buhu ba. Asusun taimako kuwa, ma'aji yana nan, babu abin kirki a ciki, domin da yawanmu rabonsu da biyan kuɗin wata tun kafin babbar Salla. In anko ne ko liƙi, nan da nan sidi ke fitowa. In Allah ya kiyaye aka ce ya cika, kowa zai rufe shago ya bi mu maƙabartar Tafo. Ku kawo yanzu, yana da rai!

Saura a gurguje. Tabarmin masallaci an sayo, rasit yana wurin ma'aji. Makarantar dare za ta koma bayan isha'i kamar da. Maganar kujerun haya mun ɗage ta zuwa zama na gaba. Ina neman mutum biyu da za su riƙa karɓa-karɓa suna tsayawa a kansa kowace safiya har ya haɗiye maganin a gabansu, su ba ni sunayensu kafin magariba. Ma'aji, ɗauki littafinka ka koma bakin ƙofa.