Lacca: Shigar da direban EC cikin bishiyar na'urori a Linux

To jama'a, barkanmu da warhaka. Mu ɗauki EC na Chromebook, wato ƙaramin cif ɗin da ke kula da madannai da batiri da caji. A kwamfuta mai ARM, kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urori, ba ya iya gano shi da kansa, domin layukan I2C da SPI, waɗanda ke haɗa cif da cif, ba sa shelar abin da ke maƙale a kansu. Sai an faɗa masa. Da can a fayil ɗin C na kowane allo ake rubuta wannan, har Linus Torvalds ya yi ƙorafi a 2011 kan yawan tarkacen, aka karkata zuwa bishiyar na'urori (device tree), wato fayil ɗin da ke bayyana wa kanel na'urorin da ke kan allo.

A Samsung Chromebook na 2012, mai Exynos 5250, EC yana kan I2C a adireshi 0x1e. Kullinsa, wato sashensa a cikin bishiyar, na ɗauke da compatible = "google,cros-ec-i2c", da reg = <0x1e>, da layin interrupts. A direba kuma, wato manhajar da ke sarrafa EC ɗin, sai ka gina teburin of_device_id da wannan suna harafi da harafi, ka rataya shi a of_match_table. Ko waƙafi ɗaya ya kuskure, probe, wato aikin da kanel ke kira don haɗa direba da na'urarsa, ba zai taɓa tashi ba, kuma babu saƙon da zai tsegunta maka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne MODULE_DEVICE_TABLE, layin da ke sanar da na'urorin da direban ke iya ɗauka. Ka manta shi, komai lafiya lau in direban na cikin kanel, amma ranar da aka gina shi a matsayin modul, wato fayil daban da ake lodawa daga baya, udev, manhajar da ke kula da lodawar, ba zai loda shi ba, madannai su yi tsit. A SPI ma akwai ƙarin tarko: wurin lodawa ana yanke "google," daga sunan, saura cros-ec-spi, don haka kada ka goge tsohon teburin spi_device_id da sunan shara.

Idan abin da kake nema a cikin probe, misali GPIO, wato layin sigina na cif, bai shirya ba tukuna, mayar da -EPROBE_DEFER yadda ya zo maka. Kanel zai sake kiranka.

Sai batun me ya cancanci shiga bishiyar. Jikin na'ura take siffantawa, ba son ran direba ba. Shi ya sa google,cros-ec-spi-msg-delay ya samu shiga: cif ɗin ne da kansa ke buƙatar hutun 'yan mikrosakan tsakanin saƙo da saƙo. Kuma ku yi hattara da suna, domin da zarar ya fita a na'urorin mutane, ya zama alkawari, sabon kanel dole ya ci gaba da gane shi. Saboda haka rubuta bayanin sunayen a fayil ɗin YAML tun farko, ka gudanar da make dt_binding_check da dtbs_check kafin ka aika facin, wato gyaran da ka yi wa kanel.