Kwalin Darar Da Na Zana Ya Fi Wasannin Da Na Sayo Kasuwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da sake kasancewa tare da ni. Kamar yadda kuke gani a bayana, an naɗe tebura an jingine kujeru, ni kaɗai na rage a ɗakin taron unguwarmu, domin yanzun nan muka tashi daga daren wasannin kan tebur karo na uku da na shirya tun zuwana ƙasar nan. Na kunna kyamara kafin in tafi gida ne saboda wani abu da ya faru yau, wanda har yanzu ban tantance ko daɗi ya yi mini ko haushi ba. Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ba ta taɓa jin kalmar dara ba sai yau da yamma, ta cinye ni sau biyu a jere a gaban mutane, ni da na koya mata.

Bari in matso da abin kusa ku gani. Bayan kwali ne na yanka, na ja layuka da alƙalami na fitar da gida 30, biyar a tsaye shida a kwance, sannan na tara murafun kwalba, ja 12 da fari 12, suka zama 'ya'yan dara. Na kawo shi ne don kewa kawai, saboda na daɗe ban ga an duƙufa a kan dara ana gardama ba, ban kuma zaci wani zai kula shi ba. Cikin minti biyu na gama bayani: kowa ya jera 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya haɗa uku ba, daga nan a riƙa matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa, jeren huɗu kuma ba ya ci. Kafin in ankara mutum takwas sun kewaye teburin suna jiran a ba su wuri, alhali kwalayen da na zuba kuɗi na sayo, waɗanda kuɗinsu ya fi na hayar ɗakin nan na dare uku, biyu daga cikinsu ko buɗe su ba a yi ba.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne yadda daren farko ya kasance. Na ɗauka wasan da kowa ya san sunansa shi zai riƙe jama'a, sai na zaunar da mutum shida a kan Monopoly. Ba a jima sosai ba wani saurayi ya tsiyace a wasan, aka karɓe filayensa, ya koma gefe yana danna waya, daga bisani ya yi sallama ya fita, kuma har yau bai sake dawowa ba. Laifina ne, domin da na bi tarihin wasan da na san haka aka gina shi. Asalinsa wani wasa ne da Elizabeth Magie ta yi wa rajista a Amurka a 1904 don ta nuna yadda masu filaye ke haɗiye dukiyar 'yan haya, kafin a fitar da shi da sunan da muka sani a 1935. Ina gargaɗinku, duk wasan da ake fitar da mutum tun ba a yi nisa ba, kada ku ɗora shi a kan tebur ranar da baƙi suka zo sanin juna.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya. Na buɗe Catan, wasan nan da Bajamushe Klaus Teuber ya fitar a 1995, na miƙe tsaye ina karanta ɗan littafin dokokinsa shafi bayan shafi, ina kallo idanun mutane suna kaucewa zuwa agogon bango. Ga shi kuma kwalin na mutum uku zuwa huɗu ne, mu kuwa biyar ne a teburin, dole ɗaya ya zama ɗan kallo. Yanzu na canza salo gaba ɗaya. Ina buga wasan ni kaɗai a gida har in haddace shi, idan na zo koyarwa kuma da ƙarshe nake farawa, in ce wanda ya riga tara maki 10 shi ya ci, sannan in nuna abin da mutum zai yi idan wasa ya zagayo kansa, wato ya jefa dayis, ya karɓi katako ko tubali ko alkama, ya yi musaya, ya gina hanya. Maganar ɓarawo, wani ɗan gunki da ake matsarwa a kan allon wasan idan dayis ya ba da bakwai, ina taƙaita ta, sai lokacinta ya yi in faɗaɗa, domin abin da mutum ya gani da idonsa ya fi zama masa.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda mai shirya irin wannan taro a ƙasar da baƙi suka yi yawa ba zai guje mata ba. Codenames wasa ne mai daɗi, kati 25 ake shimfiɗawa kowanne da kalma ɗaya, amma wanda harshen ƙasar bai zauna a bakinsa ba shiru zai yi har a tashi, na kuma ga hakan a fuskar wasu ma'aurata da ba su daɗe da zuwa ba. Haka Scrabble yake, duk da cewa ba na rasa tuna wa masu ji da kansu a teburin cewa ɗan Najeriya Wellington Jighere ne ya zama zakaran duniya a 2015 a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Ma'auratan nan na mayar da su kan Carcassonne, mai fale-fale 72 da babu rubutu ko ɗaya a jikinsu, hoto ne kawai na hanya da gari da fili, kowa ya ɗauko ya haɗa inda ya dace. Su ne na ƙarshe da suka bar teburinsu yau.

Wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya fi kowane kwali muhimmanci, wannan kuwa sai da na sha wuya na gane. Mutumin da ya shigo shi kaɗai ya tarar kowane tebur ya yi nisa, idan ba a tare shi an tambayi sunansa an ba shi kujera nan take ba, zai yi kamar an kira shi a waya ya sulale. Shi ya sa teburin da ke kusa da ƙofa na gajeren wasa ne, wanda ake gamawa a sake cikin kwata ɗaya, kuma a nan dara ta samu gurbinta. A takardar gayyata ma na rubuta a fili cewa ba a sa ko sisi a wasa, saboda akwai waɗanda da sun ji an ambaci kati da dayis sai caca ta faɗo musu a rai.

Ku ware rabin awa na ƙarshe don ƙirga kaya. A Ticket to Ride, wasan jera taragun jirgin ƙasa, kowane launi taragu 45 ne, a dare na biyu kuma na yi rarrafe a ƙarƙashin tebura ina neman shuɗi guda ɗaya, mai gadin ɗakin yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli. Tun daga ranar kowane launi da 'yar ledarsa, kuma waɗanda suka buga su ne za su ƙirga kafin su miƙe.

Dattijuwar nan da za ta tafi ta nemi in ba ta aron kwalin ta je ta gwada da jikanta. Na ce mata, Mama, ki ɗauka, amma da sharaɗin za mu sake zama wata mai zuwa, domin ban yarda dara ta ci gida haka kawai ba. Ta yi dariya ta ce in je in yi atisaye. Zan zana wasu guda huɗu kafin lokacin, wanda ke nufin ina buƙatar murafun kwalba 96, saboda haka duk wanda ke unguwar nan yana kallona ya fara tara mini. Ga mai gadi can ya sake leƙowa, bari in kashe fitilu in miƙa masa makullinsa.